Zauren 'Yan Mata: Wai Da Gaske Mage Tana Hawa Masai?

  Saƙonninku suna iso mini, na gode ƙwarai Allah Ya bar zumunci, waɗanda ba su ga amsar nasu ba kuma su ƙara haƙuri, layi ne bai zo kansu ba.

Yau dai ba maganar samari za mu yi ba, ba kuma ta lalle ko dilka ba. Maganar mage za mu yi, magen ma ba kwalliyarta ba, bayan gidanta. Na san wata har ta yatsine fuska ta ce haba Anti, duk maganganun duniya a rasa wadda za a kawo mana sai kashin mage? To ki yi haƙuri ki karanta ki kai ƙarshe. A littattafan soyayya a kan nuno mana jaruma zaune a tsakiyar falo, ta sha ado, farar mage na kwance a cinyarta tana shafawa, amma ba a taɓa faɗa mana wa yake kwashe abin da magen ta ajiye a bayan labule ba.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani ɗan bidiyo da ke ta yawo a wayoyi, na san da yawanku kun gani. Wata jibgegiyar mage ce mai gashi buzu-buzu ta shiga banɗakin Turawa, ta yi tsalle ta ɗare kan masai irin na tangaran, ta gyara zama kamar wata Hajiya, ta yi abin da ya kawo ta, ta sauko abinta ko a jikinta. Tun daga nan tambayoyi suka fara shigowa. Wannan ta ce haɗin kwamfuta ne, waccan ta ce wallahi aljana ce ba mage ba. Wadda ta fi ba ni tausayi kuwa wata amarya ce, wata huɗu da tarewa, ta taho da magenta tun daga gidansu, magen ta mai da bayan kujerar falo wurin biyan buƙatarta. Maigidan ya rantse in aka ƙara sai ya cusa ta a buhu ya kai ta bayan gari, ga shi ita amaryar tana da ƙaramin ciki, ko warin ba ta iya shaƙa. Tana son in koya mata yadda za ta yi tata magen ta riƙa shiga banɗaki kamar ta cikin waya.

Ƙawata, ba haɗi ba ne, ba kuma aljana ba ce. Ana koya wa mage hawa masai kuma tana iyawa. Zan faɗa miki yadda masu yi suke yi don kar ki ce na ɓoye miki, amma tun yanzu ki san inda na tsaya, ni ban ba ki shawarar ki yi ba.

Ana yin abin a Amurka, inda za ki ga mutum yana zaune a hawa na goma na dogon bene, ba tsakar gida ba ƙasa, magensa tun da aka haife ta ba ta taɓa taka waje ba. Akwai wani shahararren makaɗinsu mai suna Charles Mingus, wanda ya rasu a 1979, shi ya zauna ya koya wa magensa mai suna Nightlife, ya ce cikin sati uku zuwa huɗu ta ƙware, har ya rubuta 'yar takarda yana bayanin yadda ya yi. Dabarar tasa ta wayo ce da haƙuri. Da farko ya saba mata da yi a cikin kwali, ya yayyaga tsohuwar jarida ya zuba a ciki. Da ta saba sai ya riƙa jan kwalin kaɗan-kaɗan, yau nan gobe can, yana nufar banɗaki da shi, yana kuma rage tsayin bakin kwalin a hankali. Da aka isa sai ya ɗora kwalin a kan masai ya ɗaure da igiya don kar ya zame ya tsorata ta. Bayan 'yan kwanaki ya huda 'yar ƙaramar ƙofa a tsakiyar kwalin, ya ci gaba da faɗaɗa ta yana rage jaridar, har aka wayi gari ba kwali ba jarida, sai mage da bakin masai. Duk sirrin dai shi ne kar a yi mata sauyi babba a rana ɗaya, sai ta saba da wannan a matsa zuwa wancan.

A shekarar 2000 aka yi wani fim na barkwanci a can mai suna Meet the Parents, inda Robert De Niro ya fito a uban budurwa mai tsananin son magensa, magen kuwa hawa masai take yi. Fim ɗin ya ƙara sa wa mutane sha'awar abin. Yanzu har kayan koyarwa ake sayarwa, akwai wani da ya fito daga Ostareliya mai suna Litter Kwitter, faranta ne na roba guda uku da ake ɗorawa a bakin masai, ja da ruwan goro da kore. Jan ba shi da huda, ana cika shi da ƙasa, na biyun yana da ƙaramar huda, koren yana da babba, masu shi suka ce cikin sati takwas an gama. Ka ji 'yan kasuwa, dabarar kwalin Mingus ce dai aka yi wa fenti.

To tun da ana iyawa, me ya hana ni cewa bismillah?

Ki tsaya ki kalli mage wata rana in ta fita tsakar gida. Za ta zagaya tana shinshina, ta zaɓi wuri mai laushi, ta tona da ƙafafun gaba, ta tsuguna, in ta gama ta juyo ta shinshina ta tura ƙasa ta rufe, ta sake shinshinawa, in bai yi mata ba ta ƙara. Ba wanda ya koya mata wannan. Duk magen gida da kika sani a duniya, har da farar mai buzu-buzun ta cikin waya, kakarta ita ce kyanwar dajin nan ta Afirka da ƙasashen Larabawa, wadda har gobe ana samunta a dazuzzukanmu na Sahel. Dabbar rairayi ce, binne ƙazantarta take yi don kar warinta ya tona mata asiri wurin abin da ya fi ƙarfinta. Shekaru dubbai tana zaune da mutane ba ta bar wannan ɗabi'a ba, ai hali zanen dutse ne. In kika ɗora ta a kan tangaran mai santsi, ƙarƙashinta ruwa, ba abin tonawa ba abin rufewa, kin raba ta da abin da hankalinta ke kwanciya da shi. Shi ya sa za ki ga waɗanda aka koya wa ɗin suna ta yaƙushin gefen masai ko bango bayan sun gama, ƙasar da babu ita suke nema. Likitocin dabbobi da yawa a can Amurkan ma hana mutane suke yi.

Sannan ki duba yadda gida yake. Maigida ya shiga wanka ya kulle ƙofa, ko baƙuwa ta zo ta rufe murfin masai ta fito, mage ta matsu, ina za ta? Ba ta iya ƙwanƙwasa ƙofa ba, ba ta iya cewa a yi sauri ba. Gadonki za ta hau, ko ta nufi kwandon wanki, kin ga an koma gidan jiya. Ranar da ta zame ta faɗa cikin ruwan kuwa, wata ko da kuɗi ba za ta sake kusantar banɗaki ba, wahalar sati takwas ta tashi a banza. Ga tsufa, mage tana kai shekara 12 zuwa 15 in ta samu kula, kuma ciwon gaɓoɓi yana kama su kamar yadda yake kama kakanninmu, tsallen da take yi tana 'yar shekara biyu ba za ta iya shi tana shekara goma ba.

Wannan duk a gidan da ke da masai na zama ke nan, da ruwa a tanki kullum. Mu nawa ne a cikinmu ke da shi? Yawancinmu shadda ce ta rami, da murfin langa-langa ko tsohon faranti. Don Allah don Annabi kar wata ta ga bidiyo ta ɗauki 'yar mage ta kai ta bakin shadda wai za ta koya mata. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, ko an yi dubu ba a fitowa. 'Yar magen da ta faɗa shadda sai dai ki kwana kina jin kukanta daga ƙasa, ba yadda za ki yi. Ko ba koyarwa ma, duk gidan da ke da 'ya'yan mage a riƙa rufe bakin shadda da na rijiya, a juye bokitin da ba a amfani da shi.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan muhimmanci a wurina. Mage ba ta magana, kuma gwana ce wajen ɓoye ciwo, sai abu ya ci ƙarfinta kike ganewa. Hanyar da za ki san lafiyarta ita ce abin da ta fitar. In a cikin yashi take yi, da safe kina zuwa za ki ga ko gudawa ce, ko akwai tsutsa, ko jini, ko fitsarin ya yi yawa fiye da kullum, ko kuma babu shi gaba ɗaya. In a masai ne ruwa ya haɗiye labarin. Muzuru musamman, hanyar fitsarinsa siririya ce, takan toshe. Za ki ga yana ta zarya wurin yinsa, ya tsuguna yana yunƙuri yana kuka ba abin da ke fita sai ɗigo, yana yawan lasar gabansa. Wannan ba abin a bari sai gobe ba ne, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya mutuwa, asibitin dabbobi za a nufa da shi a ranar. Wadda magenta ke hawa masai yaushe za ta lura?

Yanzu bari in juyo kan amaryarmu mai ciki, kuma duk wadda ke shirin aure ta buɗe kunne. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira toksofilasma, ido ba ya ganinta. A 1908 aka fara gano ta a birnin Tunis a jikin wani ɗan beran duwatsu, sai a 1970 masana suka tabbatar cewa a cikin hanjin mage take yin ƙwai. Mage tana ɗaukarta ne in ta ci bera ko tsuntsu ko ɗanyen nama, kin kuwa san namu magunan farautar bera ce sana'arsu. In ta kamu sai ta yi kamar sati ɗaya zuwa uku tana fitar da ƙwayayen a kashinta. Lafiyayyen mutum in ya ɗauka yawanci ko sani ba ya yi, ko ya ɗan yi zazzaɓi ya wuce. Amma macen da ta fara kamuwa da ita tana da ciki, cutar tana iya ratsawa ta isa ga ɗan tayi, ta jawo ɓari, ko a haifi yaro da lalurar ido ko ta ƙwaƙwalwa.

Kar ki firgita ki ce a kawo buhun nan na maigida. Shafa mage ba shi ne hanyar ɗauka ba, hanyar ita ce ƙazantar ta kai baki. Kuma ƙwayayen ba sa zama masu cutarwa sai sun kwana ɗaya zuwa biyar a waje, don haka in ana kwashewa kullum an rage haɗarin ƙwarai. Abin da za ki yi shi ne ki sauke wa kanki aikin kwasar har ki haihu, ƙanwarki ko 'yar aikinki ko shi kansa angon ya karɓa, ai cikin nasa ne. In ba kowa sai ke, ki sa safar hannu ko ki zura hannunki a leda, ki wanke da sabulu da kin gama. Ki kuma sani ba ta mage kaɗai ake ɗauka ba, naman da bai dahu sosai ba yana ɗauke da ita, haka ganyen salak da kabeji da karas da ba a wanke da kyau ba. Tsiren da kika ga cikinsa da ja-ja, ki mayar wa mai shi ya ƙara gasawa, kwaɗayin ciki ba hauka ba ne.

Ƙwayayen nan taurin rai gare su, maganin da ake zuba wa ruwan famfo ba ya kashe su, suna yin watanni a ƙasa mai danshi. A jihar Kalifoniya ta Amurka an gano cutar tana kashe karnukan ruwa a bakin teku, har a 2006 suka yi doka cewa duk buhun ƙasar mage da za a sayar sai an rubuta gargaɗi a jikinsa kar a zuba kashin mage a masai. Kin ga ke nan, a can Amurkan ma ana jan kunne. Balle ke da za ki zauna inda mage ta taka da ƙafafunta, kina da ciki.

To mene ne mafita? Baho da yashi, shi ke nan. Abin dariyar ma shi ne Turawan da muke son kwaikwaya kuɗi suke sawa su sayi abin da ke zube a ƙofar gidanmu. Kafin 1947 su ma yashi da toka suke zuba wa magunansu. A shekarar ne a jihar Mishigan wata mata ta je wurin maƙwabcinta Edward Lowe neman yashi, lokacin sanyi ne komai ya daskare, tokar da take sawa kuma tana ɓata mata ɗaki da sawun ƙafa, sai ya ba ta wata busasshiyar ƙasar yumɓu mai shan ruwa. Ta dawo neman ƙari, shi kuwa ya fara ƙullawa yana sayarwa, da haka ya zama hamshaƙin attajiri. Ana samun irin wannan ƙasa a manyan kantunan Kano da Kaduna da Abuja, mai hali ta saya, tana riƙe wari fiye da yashi. Amma in 'yar jaririyar mage ce kar ki sa mata irin mai dunƙulewa in ta jiƙe, don sukan ci, ta je ta toshe musu hanji. Yashin gini mai laushi ya wadatar, ki tankaɗe shi ki fitar da tsakuwa da kwalba, ki shanya a rana ya bushe ƙarau.

Bahon ya zama mai faɗi, tsawonsa ya kai tsawon magen da rabi, yadda za ta iya juyawa a ciki ta yi tononta. Tsohon bahon wanki na roba ya yi, in dai bai tsage ba. Ga 'yar ƙarama kuma ki nemi mai gajeren baki, ko tsohon tire, wanda za ta iya shiga ba sai ta yi tsalle ba. Zurfin yashin kamar santimita 5, tsawon babban yatsanki ke nan. Inda za ki ajiye shi ne mutane suka fi kuskurewa. Kar ki sa kusa da kwanon abincinta da ruwanta, ke ma ba kya cin tuwo a bakin shadda. Kar ki sa a kicin, kar ki sa kusa da janareta ko inda yara ke guje-guje, ko lungun da kare zai iya tare ta. Ki samu kusurwa mai shiru da iska ke ratsawa, ƙarƙashin matakala ko gefen baranda inda ruwan sama ba ya bugu, wadda ba a kulle hanyarta dare da rana. In magunan biyu ne baho uku ake so, don akwai mai mugun halin da ke hana 'yar uwarta shiga, kishi ba a gidan mutane kaɗai yake ba.

Koyarwar kanta ba ta da wuya, tun da ba sabon abu za ki sa mata a kai ba, wuri kawai za ki nuna mata. 'Ya'yan mage suna fara yi da kansu tun suna sati uku zuwa huɗu. Kafin nan uwarsu ce ke lasar su sannan su yi, shi ya sa in kika tsinci jaririyar da ba uwa sai kin riƙa shafa mata ƙasan wutsiya da auduga mai ɗumi bayan kowane ci, in ba haka ba ciki ya kumbura. Kuma in karɓowa za ki yi daga maƙwabta, ki bari ta kai sati takwas tare da uwarta. Da kin kawo ta gida ki tsare ta a ɗaki ɗaya na 'yan kwanaki, baho a wannan kusurwa abinci a waccan. Duk lokacin da ta gama cin abinci, ko ta tashi daga barci, ko kika ga tana shinshine-shinshine tana tonon tabarma, ki ɗauke ta a hankali ki ajiye cikin yashin, ki ɗan tona da yatsa ta gani, ki ja da baya ki ba ta wuri. In ta yi ki shafa kanta, ki ba ta ɗan guntun kifi. Yawancinsu kwana biyu uku sun gane.

Ita kuwa babba irin ta amaryarmu, wadda ta riga ta zaɓi bayan kujera, sai a ari dabarar Mingus a yi abin kirki da ita. Ki kai bahon daidai wurin da ta saba, ki ɗebi ɗan abin da ta yi ki binne a cikin yashin don ta ji warinta. In ta kama yi a ciki na 'yan kwanaki sai ki fara jan bahon taku ɗaya kullum har ki kai shi inda kike so. Ki tuna ita ma baƙuwa ce a gidan nan kamar ke, a gidanku tana da tsakar gida da gindin bishiya, nan kuwa ta zo ta tarar da tayil da kafet ko'ina. Ba iskanci ba ne, rasa wuri ta yi.

Sai wankin tsohon wurin, don in dai tana jin warin za ta koma, hancinta ya ninka naki nesa ba kusa ba. Ki tsane fitsarin da tsumma, ki wanke da ruwa da garin sabulu, ki bi da ruwan khal da aka sirka da ruwa, ki bari ya bushe, sannan ki ɗora wani abu a wurin ko ki riƙa ajiye mata abinci a nan na ɗan lokaci. In darduma ce ko kayan salla ta ɓata, a wanke su tas, don fitsarinta da kashinta najasa ne ko da yake ita kanta magen ba najasa ba ce, kuma a daina barin darduma a shimfiɗe. Ga wani jan kunne da nake so kowa ta riƙe. Izal da Dettol da muke ji da su wajen wanke banɗaki guba ne ga mage, hantarta ba ta iya sarrafa sinadarin da ke cikinsu, in ta taka ta lashe ƙafa zai iya kwantar da ita. Kar a wanke bahonta da su, ruwan zafi da sabulu sun isa. Kar kuma a tsiyaya bilic kai tsaye a kan fitsari, haɗuwarsu tana tayar da iska mai shaƙe ƙirji. Haka in kin ga ba ta da lafiya kar ki ce bari in ɓallo mata Panadol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Duka kuwa ba ya magani. Na san abin da ake yi a gidaje, a kamo ta a dangwala hancinta a cikin ƙazantar a bi ta da tsintsiya. Abin da ta fahimta kawai shi ne ke abar tsoro ce, gobe sai ta nemi inda ba za ki gani ba, ƙarƙashin gado ko cikin durowar atamfofinki na lefe. In mage da ta saba da bahonta ta daina shiga rana tsaka, ki fara duba ko yashin ya yi datti, don ita ma tana ƙyama. A kwashe kullum safe da yamma, a juye yashin gaba ɗaya duk bayan kwana biyu uku tun da ba ya riƙe wari, a wanke bahon a shanya. In yashin fes yake, to ki zargi ciwo. Madarar da muke dama musu ma tana cikin masu jawo ɓarna, yawancin manyan maguna cikinsu ba ya narkar da ita, gudawa take sa su, mai gudawa kuwa ba ta kai wa baho.

Shi muzuru yana da wata ɗabi'a daban. In kika ga ya juya wa bango ko labule baya a tsaye, wutsiya a sama tana karkarwa, ya fesa fitsari kaɗan mai ɗan karen wari, wannan ba matsuwa ba ce, shaida yake sawa cewa nan gidansa ne, don sauran muzurai da matan unguwa su sani. Baho goma ba za su hana shi ba. Maganinsa a kai shi asibitin dabbobi a yi masa fiɗiya, in da hali tun yana wata biyar zuwa shida kafin ya saba, mafi yawansu suna dainawa, yawon dare da faɗace-faɗace ma su ragu. In kin je ki sa a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare a ba shi maganin tsutsa, tafiya ɗaya biyan buƙata uku.

Abin da aka kwashe kuma kar a watsa shi a kwata ko kan bola inda awaki da kaji ke kiwo, su ma suna ɗaukar cutar nan da na faɗa, ta dawo mana a tukunya. A tona rami mai ɗan zurfi nesa da rijiya da inda ake shuka ganye a binne. Kar a juye yashi a masai na tangaran, toshe bututu zai yi ki jawo wa maigida kuɗin mai gyara. Masu magen da ke fita waje abinta, ku ma ba ku tsira ba, ku lura da wurare uku da take so, tokar murhu in ta huce, hatsin da aka shanya a ƙasa, da tarin yashin gini da ƙannenmu ke wasa a kai. Yashin nan a rufe shi da buhu ko tsohuwar tabarma, don akwai tsutsar da ke fitowa daga kashin mage da na kare ta shiga fatar ƙafar yaro, ki ga wani jan layi yana tafiya a murɗe yana ƙaiƙayi. In kin ajiye mata bahonta a tsakar gida da yashi mai laushi, da kanta za ta bar miki murhunki.

Waɗanda suka turo tambaya kan gyaran gashi lokacin hunturu, ku tara a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.